Kafin ka miƙa littafinka na farko

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Duk wanda ya gama rubutunsa na farko, don Allah kada ɗoki ya kwashe shi. Ajiye shi wata guda, sannan ka ɗauko ka karanta da babbar murya. Inda harshenka ya sarƙe, nan jimlar take da gyara. Ka ba mutum biyu da ba sa jin nauyinka su duba.

Abin da ya fi damuna shi ne yarjejeniya. Kamfanin ɗab'i na gaskiya shi ke ɗaukar nauyin tacewa, zanen bango da bugu, sannan ya riƙa ba ka kaso daga cinikin. Wanda ya ce sai ka biya kafin ya karɓi littafinka, aikin bugu kawai yake sayar maka, ko da wane suna ya kira kansa. Bi takardar layi-layi kafin ka sa hannu: shekara nawa za su riƙe haƙƙin? Ya haɗa da fassara da fim? Idan littafin ya ƙare a kasuwa ba su sake bugawa ba, yaushe zai dawo hannunka?

In kuma da kanka za ka buga, nemi lambar ISBN mai alƙaluma 13, wato lambar shaidar littafi da ake gane shi da ita a duk duniya. Amazon KDP, shafin Amazon na masu buga littafi da kansu, sai an saya yake buga kwafi, ba sai ka jibge kwalaye a ɗaki ba. Amma ka fara karɓar kwafin gwaji, ka duba shi shafi-shafi.