Kurakuran da aka fi yi wajen kwatanta maza da mata a farkon taɓin hankali

Na gaji da karanta rahoto iri ɗaya daga hannun ɗalibai da sababbin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa. A gwada maza da matan da taɓin hankali ya soma kamawa, mata su ɗan zarce a maki, sai kawai a rubuta cewa ciwon ya fi yi wa tunanin maza ɓarna.

Abu biyu ake aunawa galibi. Akwai fahimtar mutane: gane fushi ko tsoro a fuska, gano abin da mutum ke nufi ko da bai fito fili ya faɗa ba. Akwai kuma sarrafa tunani: tsara aiki, riƙe bayani a ka ana aiki da shi, kame kai, da sauya dabara idan ta farko ta ƙi ci. Duka biyun kan yi rauni tun a shekarun farko na ciwon, sau da yawa ma tun kafin mai ciwon ya fara jin muryoyin da shi kaɗai ke ji.

Kuskure na farko shi ne gwada marasa lafiya su kaɗai, ba tare da rukunin masu lafiya ba. Ko cikin mutanen da ba abin da ke damunsu, mata kan ɗan fi maza gane yanayin fuska da tuna jerin kalmomi. To in ka ga wannan tazarar a asibiti, ta ina ka san ciwon ne ya kawo ta? Ɗauki gwajin idanu na Baron-Cohen, wanda aka sabunta a 2001, mai hotuna 36 na idanun mutane, inda ake zaɓar kalmar da ta dace da abin da mai idon ke ji. A ce, don misali kawai, mata marasa lafiya sun ci 22, maza 20. Idan mata masu lafiya na cin 28, maza 26, ashe ciwon maki 6 ya zaftare wa kowa. Bai bambanta ba ko kaɗan. Tambayar da ta dace ita ce: nawa kowane jinsi ya faɗo daga matsayin takwarorinsa masu lafiya? Bincike da dama da suka yi tambayar haka sun tarar raunin ya yi kusan daidai a ɓangarorin biyu.

Wannan abu ya taɓa cinye mana aiki guda. Wanda ke riƙe da kuɗin binciken ya kafe cewa gwada masu lafiya ɓarnar kuɗi ce, tunda ba su muke yi wa magani ba. Muka yi ta zama da marasa lafiya, kowanne ya daure ya ba mu lokacinsa, wasu hannunsu na rawa saboda magani. Da aka kai rahoton gaban masu tantancewa, tambayarsu ta farko ita ce ina masu lafiyar. Kuɗi kuwa sun ƙare. Aikin baban giwa muka yi, kuma har yau abin da ke min zafi shi ne wahalar waɗancan bayin Allah da ta tafi a banza. Tun daga nan ba na sa hannu a kan tsarin binciken da ba shi da maza da mata masu lafiya, masu kusancin shekaru da ilimi da marasa lafiyar.

Na biyu ya fi muni, don shi kai tsaye yake cutar da mutum. Saurayi ya shigo shiru, fuska ba motsi, kowa ya ga alamar ciwo, a tura shi gwaji. Budurwa ta shigo ta yi gaisuwa, ta kalli likita, ta amsa tambaya da tsari, sai a rubuta cewa tunaninta lafiya lau. Wa ya gwada? Ba kowa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan ɗakin kam ido bai san kima ba. Ciwon kan kama mata a makare da kimanin shekara 3 zuwa 4, kamar yadda binciken Heinz Häfner a Jamus ya nuna, saboda haka da yawa sun riga sun yi karatu, sun yi aiki, sun ƙware a zama da jama'a. Wannan ƙwarewar ce ke rufe raunin. Hirar minti goma ba ta buƙatar tsara kasafin wata, ba ta buƙatar gane cewa abokiyar aiki da ta ce "ɗakin nan da zafi" so take a buɗe taga. Sai ta koma bakin aiki abubuwa su dagule, a ce lalaci ne ko damuwa.

Ku daina wannan sakaci, don Allah. Wani nazari da Fett da abokan aikinta suka fitar a 2011, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna fahimtar mutane ta fi sauran ɓangarorin tunani alaƙa da yadda mai ciwon ke tafiyar da rayuwarsa cikin al'umma. Ni dai kowa nake gwadawa, mace ko namiji, mai magana ko mai shiru, sannan in tambayi wanda ke zaune da su abin da suka daina iyawa. Wasu abokan aiki na ganin ɓata lokaci ne. Ban yarda ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata sakamako. Shan wiwi ya fi yawa cikin samari, in ba ka tambaya ba za ka jingina wa jinsi abin da hayaƙi ya yi. Rubuta magani da yawansa. Masu sa barci da masu busar da baki suna rage saurin tunani da tuni. Kada ka gwada mutum a makon da aka kwantar da shi, bari ya natsu. Gwajin katin Wisconsin, mai auna sauya dabara, shi kaɗai ba ya wakiltar sarrafa tunani, haɗa shi da na Stroop, mai auna kame kai, da wani mai auna riƙe bayani. Gwajin idanu kuma ya dogara ƙwarai da yawan kalmomin da mutum ya sani, don haka duba iliminsa da harshen da aka yi gwajin. Mata goma da maza arba'in ba kwatanci ba ne.

Akwai wanda ba a cika lura da shi ba: iyakar shekaru. Maza sun fi kamuwa, kusan 1.4 ga kowace mace 1, kuma akasari tun suna samari. Mata kuwa suna da wani zango na biyu wajen shekara 45 zuwa 50, lokacin da sinadarin estirojin na jikin mace ke raguwa. Duk binciken da ya tsaya a shekara 35 ya yanke waɗannan matan gaba ɗaya, ya bar waɗanda ciwon ya kama da wuri, sannan ya yi magana da sunan mata duka. Ingila ta faɗaɗa cibiyoyinta na kula da waɗanda ciwon ya soma kamawa zuwa shekara 65 a 2016. In tsarinka bai kai can ba, rubuta ƙarara a rahoton cewa matasan mata kaɗai ka gwada.