Yadda Ake Kafa Famfon Ɗiga Magani a Tankin Kifin Ado

Masu tankin gilashi sun dame ni da tambayar inda ya dace a ajiye ɗan famfon nan mai ɗiga taki ko kalsiyam. Ga yadda nake yi.

1. Cire filogin famfon daga soket.

2. Ajiye kwalbar maganin a ƙasa, yadda saman ruwanta bai kai tsayin bakin tanki ba.

3. Kafa famfon a kan kanta busasshiya, sama da kwalbar, inda fantsamar ruwa ba ta kaiwa. Idan tankin na ruwan gishiri ne, ƙara nesanta shi. Gishiri yana cin waya.

4. Zura tiyon shiga har gindin kwalba.

5. Maƙale tiyon fita a gefen tanki, bakinsa kamar santimita 2 sama da ruwa, inda ruwan ke gudu.

Hattara: nan aka fi yin kuskure. Idan bakin tiyon fita ya nutse, ruwan tanki na iya zuƙowa baya. In kuma kwalba ta fi bakin tiyo tsayi, idan robar cikin famfon ta saki, maganin zai kwarare gaba ɗaya cikin dare, kifi su mutu.

6. Idan kana ɗiga kalsiyam da soda (maganin da ke rage tsamin ruwan tanki), raba bakin tiyon kalsiyam da na soda. Idan suka haɗu, farin alli suke zama, su toshe tiyo.

7. Bar wayar ta lanƙwaso ƙasa da soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa.

8. Jona wuta, ka kunna har iska ta fice daga tiyo.

9. Sa shi ya ɗiga mililita 10 a kofi, ka auna da sirinji. Bai yi daidai ba, gyara saitin, ka sake.