Darasi na Bakwai: Sayen Sabuwar Sarƙa Ga Tsohon Babur

Duk mai tsohon babur ya san ƙarar nan, kacau-kacau daga ƙasa, musamman idan an saki totur ko an shiga gargada. Ka kai wa makanike ya ɗaure sarƙar, bayan kwana uku ta sake saki. Wasu makanikan sai su ce, "Maigida, bari mu yanke gaɓa biyu." Wannan rage zafi ne kawai. Sarƙar ba gaɓa ta ƙara ba, ƙusoshin cikinta ne suka cinye.

Abubuwa uku ne ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya: sarƙa, wadda makanikai ke kira cen, da ƙaramin faifai mai haƙora a jikin inji, da babban faifai a jikin taya. Tare suke aiki, tare suke tsufa.

Ka gwada da kanka. Kashe inji, ka tsuguna a bayan babur. Kama sarƙar daidai inda ta zagaye babban faifan, ka ja ta baya. Idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Sannan ka dubi haƙoran. Na sabon faifai kansu a daƙushe yake, gefe da gefe daidai. Na tsoho kuwa sun yi tsini, sun karkace gefe guda kamar ƙayar sarƙaƙiya. Idan ka ɗora sabuwar sarƙa a kan irin waɗannan haƙora, ba za ta zauna daidai ba, kuma nan da nan za su cinye ta. Shi ya sa ake sauya ukun a rana ɗaya, ko da aljihu zai ji a jikinsa.

A nan karatun lamba zai yi maka rana. Goge gefen sarƙar da tsumma da ɗan kananzir, za ka ga lamba a jikin wasu gaɓoɓin: 420, ko 428, ko 520. Ƙananan babura galibi 420 ne ko 428. Honda CG125, alal misali, 428 yake amfani da ita. Tsawon gaɓar 420 da ta 428 ɗaya ne, milimita 12.7, amma 428 ta fi faɗi. Saboda haka a ido sai ka rantse iri ɗaya ne, alhali sarƙar 420 ba za ta hau faifan 428 ba. Ita kuwa 520 gaɓarta ta fi tsawo, ta manyan babura ce. Idan ka ga harafin H bayan lambar, kamar 428H, ƙarfen gefenta ya fi kauri. Mai ɗaukar buhunan hatsi ko jarkokin ruwa, ita ta fi dacewa da shi.

Su ma faifan suna da lamba, kamar 14T ko 42T, wato yawan haƙoransu. Idan ta goge, ka ɗiga alli a haƙori ɗaya ka ƙirga har ka dawo kansa. Tsohon babur ya bi hannaye da yawa, wataƙila wani ya taɓa sauya masa taya ko inji. Don haka kada ka tsaya a kan faɗin sunan babur a shago. Kwance tsofaffin, ka zuba a leda, ka tafi da su. Ɗora sabon faifai a kan tsohon, ka ga ramukan noti sun hau juna. Ka ƙirga gaɓoɓin sarƙar kuma. Doguwa ana iya rage ta, gajeriya sai dai a mayar.

Ga ɗan lissafi. Gaba 14, baya 42. Raba 42 gida 14, ka sami 3. Ma'ana, ƙaramin faifai zai juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Ka sa mai haƙora 45 a baya, babur zai ƙara ƙarfin ja a yashi da hawa, amma gudunsa zai ragu, inji ya riƙa kuka a kan kwalta. Ka sa mai 15 a gaba, inji zai sami sauƙi a doguwar hanya, amma da goyo biyu sai babur ya yi nauyin tashi. Wanda bai da dalili, ya bar lambar da kamfani ya sa.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan makanike. Ɗan ƙarfen da ke kulle sarƙa yana da kai rufaffe da baki buɗaɗɗe. Rufaffen ne zai kalli inda sarƙar ke tafiya. Kada ka yarda a yi wa ƙaramin faifan walda a jikin sandar inji, domin ranar sauyi na gaba sai an sha wahala. Kada kuma a ɗaure sarƙa tamau. A bar mata wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, sai dai in littafin babur ɗinka ya faɗi wani abu daban. Murfin sarƙar nan da samari ke cirewa don gayu, a mayar da shi. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai, wasa ƙarfe take yi kamar dutsen maƙera.

Aikin gida: duba babur ɗinka ko na maƙwabcinka. Rubuta lambar sarƙa da yawan haƙoran gaba da na baya, ka raba na baya da na gaba, ka zo da amsar aji.