Furannin bakin hanya a ƙarshen damina: inda ake yawan ruɗewa

Daga Oktoba zuwa Disamba, in ka hau mota daga Kumasi zuwa Ejisu ko Mampong a Ghana, za ka ga bakin titi ya yi rawaya. Babban kuskuren da ake yi shi ne a dubi launi kawai a yanke hukunci. Launi ba ya raba gardama a nan. Ganye da kwanson 'ya'ya ne ke rabawa.

Mafi haɗari shi ne haɗa tafasa da rai-ɗore, domin ita tafasa ciki take shiga. Furensu duka rawaya ne, tsayinsu ma kusan ɗaya. Tsinko kara guda ka ƙirga: tafasa ganye shida ne, uku a kowane gefe, bakinsu a zagaye. Na rai-ɗore yakan kai takwas ko goma, kowanne da tsini. Kwanson tafasa siriri ne, dogo, a lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore ya fi faɗi, a ɗan baje. Ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore na da guba, har dabbobi ma suna cutuwa da su. Yaran Zango da aka haifa a nan, waɗanda a kwano kaɗai suka san kwaɗon tafasa, su ne suka fi faɗawa wannan. Ko tafasar ce ma, ni ba na cin wadda ta tsiro a bakin kwalta, saboda feshin maganin ciyawa.

Sai dogon nan da ya fi mutum tsayi, mai furanni da yawa. Ba shi ne furen sunflower da ake nomawa don mai ba. Ɗan'uwansa ne da ya fito daga Meziko, ganyensa a tsage gida uku zuwa biyar, ga ɗaci.

Ciyawar Acheampong kuwa, da aka laƙaba wa sunan shugaban sojan Ghana da ya yi mulki daga 1972 zuwa 1978, kowa ya san ta har sai ta yi fure. Da hunturu ya kawo kai ta fitar da ƙananan furanni fari-fari mai sirkin shuɗi, sai a ɗauka wata sabuwa ce. Murza ganyen ka shinshina, warin nan bai canza ba.

Masu tambayar manhajar waya mai gane tsiro ta hoto kuma, hoton furen kaɗai suke ɗauka. Haɗa da ganye da kwanso, sannan ka kai wa wata tsohuwa mai sayar da ganye a unguwar Aboabo ta Kumasi ta duba maka.