Yadda za ki gane ko 'yarki ta warke daga ciwon ƙin cin abinci

Ciwon anoreksiya, wato yarinya ta dinga hana kanta abinci saboda tsoron ƙiba har ta rame ta lalace, yawanci a shekarun balaga yake farawa, kuma maza ma yana kama su. To iyaye da yawa da sun ga kumatu sun dawo sai a ce alhamdulillahi ta warke, a daina zuwa asibiti. Don Allah kar ki yi haka, sikeli kaɗai ba ya nuna warkewa.

Da jiki za a fara kam. Amma 'yar shekara 14 tana kan girma, nauyin da ya ishe ta bara bai ishe ta bana ba, shi ya sa likita ke haɗa nauyi da tsawo da shekaru ya auna. Ki tambaye shi ko bugun zuciya ya daidaita, ke kuma ki lura ko jiri da yawan jin sanyi sun tafi, ko al'ada ta dawo da kanta.

Sai ki sa ido lokacin cin abinci, nan ne gaskiya take fitowa. Har yanzu tana tura shinkafa gefen faranti tana tsane mai, kullum "ai na ci a makaranta", ko da an gama sai ta miƙe zuwa banɗaki don ta amayar da abincin, ko tana tsalle-tsalle a ɗaki cikin dare don ta ƙona abin da ta ci? Masu bincike kan nemi aƙalla wata 3 a jere babu irin waɗannan kafin su ce an samu sauƙi. In azumi ya zo ki fara jin ta bakin likita, ciwon kan ɓuya a bayansa, mara lafiya kuma addini ya yi masa rangwame.

Tunani shi ke jinkirin warkewa. Ki tambaye ta a hankali ba da faɗa ba, in ta ci ta ƙoshi tana jin kamar ta yi laifi? In nauyinta ya ƙaru hankalinta na tashi? Ta koma cikin ƙawayenta?

Kuma ki yi haƙuri, abin na ɗaukar lokaci. A Gothenburg ta ƙasar Suwidin masu bincike sun bi diddigin mutum 51 da ciwon ya kama suna matasa na tsawon shekara 30, kashi 64 cikin ɗari sun warke sarai. Shekarar farko bayan an gama magani ita ce ciwon ya fi dawowa, don haka ko ta yi ɓul-ɓul kar a fasa komawa wajen likita ranar da ya sa.