Babi na Bakwai: Gizo-gizo, Kunama da Yara a Ƙasar Baƙunci

Iyayena da yayyena 'yan ajin yamma, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na rubuta shi ne saboda wata ɗalibarmu daga wajen Ringim da za ta bi ɗanta Ostareliya da jikoki biyu, da kuma ku da kuke da masu gida a Jidda ko Makka kuna jiran takardu. Ku karanta a hankali, kalma bayan kalma. Wanda ya tsaya a wata kalma ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Su wa za ku tarar a can?

A nan gida kun san maƙwabtanku. Kun san kunama tana son ƙarƙashin tabarma da gindin rumbu, kun san kububuwa tana kwance a gona lokacin shuka da girbi. Gizo-gizo kuwa ba mu ɗauke shi komai ba. Tsintsiya ake sa wa a share saƙarsa, yara su yi wasa da shi, a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. To a wasu ƙasashen wannan sakacin shi ne haɗarin.

A Ostareliya akwai gizo-gizo biyu da za ku riƙe. Na farko suna ce masa Redbak, wato mai jan baya. Macen ce mai cizo. Baƙa ce, jikinta bai wuce ƙwayar wake ba, da jan zane ɗaya a gadon baya. Ba ta yawo. Tana laɓewa a busasshen wuri mai duhu: ƙarƙashin kujerar tsakar gida, bakin tukunyar fulawa, cikin bokiti, cikin keken wasan yara da ya kwana a waje. Na biyu shi ne Fanelweb na yankin birnin Sidni, baƙi wuluk mai sheƙi, ya fi na farko girma da haɗari. Namijin yana fita yawo da dare lokacin zafi, musamman bayan ruwan sama, gari na wayewa ya shige duk ramin da ya samu. Takalmi ma a wurinsa rami ne. Ku lura, zafinsu yana faɗowa ne a Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mu muke fama da hunturu.

A Amurka akwai 'yar uwar mai jan baya, amma ita jan nata a ƙarƙashin ciki yake. A Saudiyya kuwa kunama ce abin tsoro, musamman a bayan gari: akwai ruwan ɗorawa, akwai baƙa mai kaurin wutsiya. Kada wata ta ce ai kunama ta harbe ni sau biyar a Gumel ban mutu ba. Waccan daban, kuma jikin yaro ba jikinki ba ne. Dafin da zai sa babba ya kwana yana nishi zai iya kwantar da ɗan shekara uku.

Kada hankalinku ya tashi. An samar da allurar kashe dafin Redbak tun 1956, ta Fanelweb kuma a 1981, kuma tun da aka samu ta biyun ba a sake rubuta mutuwa daga cizon Fanelweb ba. Akwai kuma wani ƙaton gizo mai dogayen ƙafafu da yake manne a bangon ɗaki a can, ganinsa kawai ke firgita mutum, amma ba shi ne mai kisa ba.

Karanta ka kwafa a littafinka: gizo. kunama. dafi. takalmi.

Darasi na 2: Duba takalmi

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane. Ko kun manta sauran, wannan dai ku tafi da shi.

Makon jiya na zo aji da takalmi sau-ciki, na zuba garin gawayi a cikinsa ba ku sani ba. Na ce kowa ya zo ya duba mini ko da wani abu a ciki. Kun tuna abin da ya faru? Fiye da rabin aji suka koma wurin zama da yatsu baƙi ƙirin. Wani dattijo har da tura hannu can ƙarshen takalmin, ya lalube ko'ina, ya ce, "Malam, ba komai." Na ce, "Baba, dubi hannunka." Aka yi dariya. Amma da gawayin nan kunama ce, da ba dariya aka yi ba.

Ga yadda ake yi. Mataki huɗu ne.

Na ɗaya, ɗauki takalmin ta dunduniya, daga waje. Daga waje nake cewa. Yatsa ba ya shiga ciki.

Na biyu, kifa shi, bakinsa ya kalli ƙasa, nesa da ƙafarka da ƙafar yaro.

Na uku, buga shi da ƙarfi a ƙasa ko a bango, sau uku. Bugu na gaske, irin yadda ake kakkaɓe buhu. Gizo-gizo yana riƙe da ƙafa takwas, girgizawa a hankali ba ta fitar da shi.

Na huɗu, juyo shi ka leƙa da ido. In da duhu, haska da tocila ko fitilar waya. Sai ka ga ƙarshen takalmin da idonka sannan ƙafa ta shiga.

A ina kuke kuskure? A tsakanin na uku da na huɗu. Mutum ya ɗauka daidai, ya kifa daidai, ya buga daidai, sai kuma ya zura hannu wai don ya tabbatar. To me amfanin bugun? Ido ne mai tabbatarwa. Hannu ba ya shiga inda ido bai riga shi shiga ba. Ku maimaita da ni: a kifa, a buga, a leƙa. Ba a zura hannu.

Na san dalilinku. Tun muna yara da hannu muke lalube, a cikin randa, a cikin rumbu, a aljihu. Sabo ne, kuma sabo ba ya fita a rana ɗaya. Shi ya sa za mu sake yi yau, mu sake yi gobe. Wadda ta kuskure ba ta faɗi ba, ta sake ɗauka kawai. Inna da ke zaune a layin gaba sai a karo na huɗu ta yi daidai, yanzu kuma ita ke gyara wa na kusa da ita.

Wannan ƙa'ida ba ta takalmi kaɗai ba ce. Safar hannu ta aikin lambu, hular yaro, tawul da aka shanya a waje, bokitin wasa, duk haka ake yi musu. Kujerar tsakar gida kuwa, kada ka ɗauke ta ta hanyar cusa yatsu ƙarƙashin bakinta, can ne ɗakin mai jan baya. Kama ta sama, kwantar da ita, leƙa.

Sannan a koya wa yara tun kafin a hau jirgi. Ku mayar da shi wasa a nan gida: kowace safiya kafin tafiya makaranta, yaro ya kifa, ya buga, ya leƙa. Yaron da ya saba a Jigawa ba sai an tuna masa a Sidni ba. Mafi sauƙi ma, takalmin yara ya kwana cikin ɗaki, a kan wani abu mai tsayi. Amma ko a ɗaki ya kwana, a kifa, a buga, a leƙa.

Aiki: ɗauko takalminka yanzu. Yi matakan huɗu sau biyar. Na kusa da kai ya sa ido a kan hannunka.

Darasi na 3: Idan cizo ya riga ya faru

A nan dole in yi muku faɗa kaɗan. Sau uku ina tambaya a aji, sau uku ana ba ni amsar reza da igiya. Wani ya ce a tsaga, wata ta ce a tsotse, wani ya ce a ɗaure tam da ɗankwali, har da mai cewa a zuba kananzir. Haba jama'a! Ba mun yi wannan a babin maciji ba? Ba a tsagawa, ba a tsotsewa, ba a shaƙe hannu ko ƙafa da igiya har jini ya tsaya. Waɗannan ba sa fitar da dafi, rauni suke ƙara wa yaro.

Idan mai jan baya ce ko kunama: wanke wurin da ruwa da sabulu, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora, ka kai yaron asibiti. Ba a naɗa bandeji a cizon mai jan baya, ƙara zafi yake yi. Alamarta ciwo ne mai ƙaruwa da zufa a wurin cizon.

Idan babban baƙin gizo ne a Ostareliya, ko macijin can, hukuncin daban ne. A naɗe gaɓar duka da bandeji mai faɗi, daga yatsu zuwa sama, da ƙarfi irin naɗin targaɗe. A ɗaura sanda don kada gaɓar ta motsa. Yaron ya kwanta, kada ya taka. A kira motar asibiti. Naɗin bandeji mai faɗi daban, shaƙewa da igiya daban, kada ku haɗa su.

In kun ga yaro yana amai, yana zubar da yawu, yana zufa sosai ko numfashi na yi masa wuya, ba a jiran mai gida ya dawo daga aiki. In da hali a ɗauki hoton ƙwaron da waya. Kada a bi shi da hannu.

Darasi na 4: Lambobin kira

Kwafa waɗannan da manyan baƙi.

Ostareliya: 000. Sifili uku ne, ba harafin O ba.
Saudiyya, motar asibiti: 997.
Amurka: 911.
Ingila: 999.

Rubuta ta ƙasar da za ka a takarda, ka rubuta adireshin gidan a ƙasanta, ka manna a bayan ƙofa. Mai amsa waya zai tambayi inda kake. Wasunku har yau suna juya 9 ta koma 6. Na gaji da gyara wannan, ku zauna da jikokinku ku yi ta rubutawa.

Darasi na 5: Tsakar gida da lambu

A yanke ciyawa. Kada a tara itace, bulo ko kwalaye kusa da inda yara ke wasa. Kayan wasa su kwana a ciki. Yara su sa takalmi idan za su fita, bayan an yi masa abin da muka koya a darasi na 2. Gidan rina ko na zuma ba a taɓa shi, a faɗa wa mai gidan haya.

Maganin ƙwari a ajiye shi sama, cikin kwalbarsa ta asali. Kada a juye shi a gorar lemo yadda wasu ke yi da fiya-fiya a nan. Kuma kada a saka fiya-fiya a jakar tafiya.

Darasi na 6: Tambayoyi

1. Wane launi ne a bayan Redbak?
2. Ta ina ake ɗaukar takalmi?
3. Bayan an buga takalmi sau uku, me ke shiga ciki da farko?
4. Rubuta lambar kiran gaggawa ta ƙasar da za ka.

A kawo amsa ranar Laraba. Kowa ya zo da takalmi sau-ciki, zan sake zuwa da gawayi.