Yadda ake bin salsala har zuwa tsofaffin sarakunan Sikotland da Ayaland

A cikin Hausawan Makka da Jidda akwai gidajen da 'ya'yansu suka tafi karatu Gilasgo ko Dublin suka yi aure a can, yanzu jikoki sun tasa suna tambayar asalin dangin uwa. Da zarar sun shiga intanet sai su tarar da wata doguwar salsala da wani ya haɗa, wadda ta kai su har kan Sarki Kenneth MacAlpin na Sikotland, wanda ya mutu a 858, ko Brian Boru, babban sarkin Ayaland da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Kafin a buga ta a rataye a majalisa, a auna ta yadda malaman hadisi ke auna isnadi. Kowane "wane ɗan wane" sai da takardar da ke shaidarsa, kuma inda silsila ta yanke, nan bincike ya tsaya.

Daga gida ake farawa. A zauna da dattijuwar da ta fi kowa shekaru a dangin, ko ta waya ce, a rubuta cikakkun sunaye, sunan gidan uban kowace mace kafin aure, addini, da ƙauyen da aka fito. Ƙauyen nan shi ne mabuɗi, domin a Ayaland sunan gunduma kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Masu suna John Kelly a gunduma guda sun fi a ƙirga.

Ɓangaren Sikotland ya fi sauƙi. Tun 1855 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma ana ganin hotunan takardun a shafin ScotlandsPeople bayan an biya kuɗi. Na haihuwa sai sun shekara 100 ake sakin hotonsu, na aure 75, na mutuwa 50. A fi mai da hankali kan takardar mutuwa, saboda tana ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa. Tsohon da ya mutu a 1860 yana da shekara 80 ya riga ya ba ka sunayen mutanen da suka yi aure wajen 1780. Sai a gwama da ƙidayar jama'a, daga ta 1841 zuwa ta 1921. Kafin 1855 littattafan coci ne madogara. Mafi daɗewa ya fara a 1553, amma na yankin tsaunuka da tsibirai da yawa ba su fara ba sai ƙarshen ƙarni na 18 ko ma bayan haka.

A Ayaland ne aikin ke tauri. Rajistar kowa da kowa ta fara a 1864, ta auren waɗanda ba 'yan Katolika ba kuwa tun 1845, kuma kyauta ake dubawa a IrishGenealogy.ie. Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan cikakku. Ta 1821 zuwa 1851 kusan duk ta ƙone a watan Yunin 1922, lokacin da ma'ajiyar takardun gwamnati ta Four Courts a Dublin ta kama da wuta a yaƙin basasa, tare da wasiyyoyi masu yawa. Ta 1861 zuwa 1891 hukuma ce ta lalata ta tun kafin nan. Don haka ake cike giɓin da kundin harajin gidaje da filaye da ake kira Griffith's Valuation, na 1847 zuwa 1864, da littattafan cocin Katolika da ɗakin karatu na ƙasa ya sa a intanet. Yawancin iyalan manoma a tsakanin 1780 da 1830 sawunsu ke ɓacewa. Wannan ba gazawar mai bincike ba ce, takardun ne babu.

To ta ina ake tsallake ƙarni takwas ko tara da suka rage? Hanya ɗaya ce tabbatacciya: a samu kaka guda, namiji ko mace, da ya fito daga gidan masu filaye ko masu sarauta, domin su ne gado da shari'a suka tilasta a rubuta nasabarsu. A Sikotland a duba rajistar mallakar filaye ta Sasines, wadda ta fara a 1617, da kundin nasabar gidajen sarauta mai suna The Scots Peerage, mai juzu'i 9, da aka buga daga 1904 zuwa 1914. A Ayaland akwai ofishin rajistar yarjejeniyoyin filaye tun 1708. In an dace da irin wannan kaka, sau da yawa hanyar kan bi ta Robert na Biyu, sarkin Sikotland, wanda ya yi mulki daga 1371 zuwa 1390 ya bar 'ya'ya sama da 20. Daga shi ana komawa ga David na Ɗaya da Malcolm na Uku, sannan ta wajen Bethóc, 'yar Malcolm na Biyu, a isa gidan MacAlpin. A Ayaland ƙofar da aka fi shiga ita ce Aoife, 'yar Diarmait Mac Murchada sarkin lardin Leinster, wadda ta auri Strongbow, wani basarake daga Birtaniya, a 1170, 'yarsu Isabel kuma ta auri William Marshal, wani babban jarumin Ingila. A lura, duk hanyoyin nan ta mata suke ratsawa. Wanda ya nace wa layin uba kaɗai da wuya ya isa.

Kurakuran da ke rusa aikin sanannu ne. Babbansu shi ne dogaro da sunan dangi. Kasancewar mutum MacDonald ko O'Brien bai sa shi jinin sarki ba, domin talakawan da ke zaune a ƙasar shugaban ƙabila sukan ɗauki sunansa. Sai batun takwara. Kamar yadda muke mayar wa jika sunan kakansa, su ma ɗan fari yakan ci sunan uban ubansa, sai a samu 'yan'uwa uku masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya, a haɗe su a mai da su mutum guda. Maganinsa lissafi: macen da salsala ta nuna ta haihu tana da shekara 9 ko 60, an tsallake wani ko an cusa wani. Kalanda ma tana ruɗarwa, don Sikotland ta mayar da farkon shekara 1 ga Janairu tun 1600, Ayaland kuwa sai 1752.

Tsofaffin littattafan nasaba na Ayaland, irin wanda Dubhaltach Mac Fhirbhisigh ya tara wajen 1650, suna da daraja ƙwarai, amma marubutan fada ne suka fara tsara abin da ke cikinsu don ƙarfafa gidan da ke kan mulki. Duk sunan da ya gabaci ƙarni na 7 a riƙe shi da taka-tsantsan, har da Niall, kakan gidan sarautar Uí Néill na Ayaland, da Fergus Mór na tsohuwar masarautar Dál Riata a yammacin Sikotland. Wanda ya kai ka ga Milesius kuwa, wanda ake cewa shi ne kakan mutanen Ayaland, ya shiga fagen almara. Littafin John O'Hart na 1876, wanda salsalolin intanet da yawa suka kwafa, yana kai nasaba har ga Annabi Adamu, kuma masana ba sa karɓar sa a matsayin hujja.

Gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) yana taimakawa, amma da iyaka. Nau'in da ke duba dangi ta kowane ɓangare ƙarfinsa na raguwa bayan kaka na biyar ko na shida. Gwajin Y, wato ƙwayar da namiji ke gada daga ubansa, kuwa layin uba zalla yake bi, saboda haka jikan da uwarsa ce 'yar Ayaland ba zai ga komai na can a nasa ba, kawunsa ko kakansa na wajen uwa za a roƙa ya yi. Binciken da aka yi a jami'ar Trinity ta Dublin a 2006 ya gano kusan namiji ɗaya cikin biyar a arewa maso yammacin Ayaland na ɗauke da alamar da ake dangantawa da zuriyar Niall. Alamar, wadda yanzu ake kira M222, tana nuna kaka ɗaya aka haɗa, ba ta faɗi sunansa ba.

Wajen rubuta sakamako, a ware shi gida uku: abin da takarda ta tabbatar, abin da ake kyautata zato, da abin da aka ji a baki. A sa lambar takarda da ma'ajiyar da take a gefen kowane suna. In jika ya zo da salsalar da ya ciro a intanet, kada a kushe masa. A ce masa, "Ɗana, kawo mu bi ta suna bayan suna," a fara daga takardar haihuwar mahaifiyarsa.